Yadda Ake Auna Bashin Ƙaramin Kamfani da Ɗorewar Rabon Ribarsa Kafin a Sayi Hannun Jari

Mafi yawan masu sayen hannun jarin ƙananan kamfanoni a kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas abu ɗaya suke fara dubawa: nawa kamfanin ya raba bara, nawa ne farashinsa yau. In lissafi ya ba su kashi 12 ko 15 cikin 100 sai su kira dillali. Matsalar ita ce mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layin karɓar kuɗi. Ma'aikata da masu kawo kaya suna gabansa, banki yana gabansa, hukumar haraji ma haka. Abin da ya ragu bayan su ne ake rabawa. Don haka kafin a yi maganar rabon riba, sai an san mutum nawa ne a gabanka a layin, kuma nawa kowannensu yake bi.

Kayan aiki

Ka nemi rahoton kuɗi na shekara-shekara wanda odita, wato mai binciken littattafan kuɗi na waje, ya sa wa hannu, na shekara biyar a jere. Tun da kowane rahoto yana kawo alƙaluman shekararsa da na wadda ta gabata, rahoto uku sun ishe ka in ka riƙa tsallake shekara ɗaya a tsakani. Ana samunsu kyauta a shafin intanet na NGX, a sashen sanarwar kamfanoni, ko a shafin kamfanin kansa. Ka haɗa da rahoton wata uku-uku na baya-bayan nan. Sai farashin hannun jarin na yau, da kalkuleta, da takarda mai layi ko Excel.

In rahoton shekara biyar bai samu ba, yawancin rahotanni suna da shafi guda a can ƙarshe mai taƙaita alƙaluman shekara biyar. Zai yi maka rabin aiki, amma ba ya nuna shige da ficen kuɗi. In ko na shekara uku ka kasa samu, ka tambayi dillalinka ko rijistaran kamfanin, wato mai riƙe da rajistar masu hannun jarinsa. In su ma ba su da shi, ka bar kamfanin.

Shafuka huɗu za ka yi ta komawa gare su: takardar riba da asara, takardar kadara da bashi, takardar shige da ficen kuɗi, da bayanan da ke biye da su masu lamba-lamba. Ka kuma lura da ƙarshen shekarar kuɗi. Ba kowane kamfani ne yake rufe littafi a Disamba ba. Northern Nigeria Flour Mills na Kano, alal misali, ƙarshen Maris yake rufe nasa.

Wannan hanyar ta kamfanonin da ke ƙera kaya ko sayar da kaya ko yin wata hidima ce. Ba a auna banki da kamfanin inshora da ita, domin su karɓar kuɗin mutane shi ne sana'arsu, kuma hukuma tana iya hana su rabo ko da sun ci riba, kamar yadda Babban Bankin Najeriya (CBN) ya umarci bankunan da ke cin moriyar sassaucinsa su dakatar da rabon riba a watan Yunin 2025.

Don lissafi ya fito fili, za a yi amfani da kamfani na misali, wanda babu shi a kasuwa. Yana da hannun jari biliyan 1, kowane ɗaya naira 10, ya kuma raba naira 1.20 ga kowane hannu.

Mataki na 1: Fara da wasiƙar odita

Kada ka fara da jawabin shugaban kamfani, shi aikinsa ya yabi tallarsa. Ka wuce zuwa rahoton odita. Abu biyu kake nema: ko ya amince da alƙaluman ba tare da togaciya ba, da kuma ko ya rubuta cewa akwai shakku a kan kamfanin zai iya ci gaba da aiki. In ɗaya daga cikin biyun nan ya bayyana, ba sai ka wahalar da kanka da sauran matakan ba.

Ka duba ranar da rahoton ya fito. Ƙa'idar NGX ita ce a miƙa rahoton shekara cikin kwana 90 bayan rufe littafi, na wata uku kuma cikin kwana 30. Kasuwar tana liƙa wa masu saɓawa alama a gefen sunansu: MRF ga wanda bai miƙa rahoto a kan lokaci ba, BLS ga wanda ya gaza sharuɗɗan zama a kasuwa, DIP ga wanda ake shirin cirewa. Kamfanin da ke jinkirta rahoto kowace shekara, da wuya labari mai daɗi yake ɓoyewa.

Mataki na 2: Tattara bashin gaba ɗaya

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba samun sa a littafin kamfani ne aibu ba. Abin nema shi ne yawansa, da ranar biyansa, da irin kuɗin da za a biya shi da su.

A takardar kadara da bashi, rancen mai ruwa yana zuwa a wuri biyu: wanda za a biya cikin wata 12, da wanda ya wuce haka. Masu koyo sukan ɗauki na dogon lokaci kawai su manta da na gajere, alhali a Najeriya yawancin bashin ƙananan kamfanoni na gajeren lokaci ne. Ka haɗa su. Ka ƙara kuɗin da banki ya bar kamfanin ya ci fiye da abin da ke asusunsa, da takardun rance na ɗan lokaci da ake sayarwa ta kasuwar takardun bashi ta FMDQ, da bashin hayar gini ko injina, da duk rancen da uwar kamfani ko wani darakta ya bayar.

A misalinmu, na gajeren lokaci naira biliyan 4 ne, na dogo biliyan 1.5, jimla biliyan 5.5. Tsabar kuɗin da ke asusu miliyan 500. In an cire, ainihin bashi ya zama biliyan 5.

Hattara da tsabar kuɗin nan. Wani lokaci a ciki akwai rabon ribar shekarun baya da masu shi ba su karɓa ba, ko kuɗin da banki ya riƙe a matsayin jingina don shigo da kaya. Bayanan da ke ƙarƙashin lambar za su faɗa maka. Irin wannan ba na kamfani ba ne da zai taɓa, kada ka cire shi daga bashi.

Sannan akwai bashin da ba ya amsa sunan bashi. Ka duba abin da masu kawo kaya suke bin kamfanin: in ciniki ya ƙaru da kashi 10 amma bashin masu kawo kaya ya ninka, kamfanin yana jan ƙafa wajen biya ne don ya rufa wa asusunsa asiri. Haka harajin da ya taru ba a biya ba, da kuɗin fanshon ma'aikata da aka cire ba a tura ba. A can ƙarshen bayanai akwai sakin layi a kan shari'o'in da ke kotu da lamunin da kamfanin ya tsaya wa wani. Ka kwatanta adadin da ribar shekara guda. In ya fi ta, ka rubuta shi da jan biro.

Mataki na 3: Auna bashin da ƙarfin kamfani

Lissafi uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na farko, raba ainihin bashi da dukiyar masu kamfani, wato abin da ya rage in an cire dukan bashi daga dukan kadara. A misalinmu dukiyar biliyan 6 ce, 5 a raba da 6 ya ba da 0.83. Ƙasa da 0.5 hankali kwance, sama da 1 yana nufin masu bin bashi sun fi masu kamfani kuɗi a cikinsa. Wannan ma'aunin shi ne mafi rauni, domin kamfani yana iya sake yi wa filayensa kuɗi a takarda, dukiya ta kumbura ba tare da ko sisi ya shigo ba.

Na biyu, ɗauki ribar aiki, wato riba kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, ka mayar mata da abin da aka cire na tsufan injina da gine-gine. Ribar aiki biliyan 3.2, tsufan kaya miliyan 400, jimla biliyan 3.6. Raba biliyan 5 da ita, ka samu kusan 1.4. Ma'ana, da za a zuba duk abin da aiki ya samar a biyan bashi, shekara ɗaya da wata biyar zai ɗauka. Ga ƙaramin kamfani a ƙasar da kuɗin ruwa ya haura kashi 20, duk abin da ya wuce 2.5 nauyi ne.

Na uku shi ne mafi muhimmanci: sau nawa ribar aiki ta ninka kuɗin ruwa. Kamfaninmu ya biya ruwa biliyan 1.1. Raba 3.2 da 1.1, ka samu 2.9. Mai neman rabon riba mai ɗorewa ya nemi 4 zuwa sama. Tsakanin 2 da 4 sai an sa ido. Ƙasa da 2, kamfanin banki yake yi wa aiki.

Ga wata dabara ta kama ɓoyayyen bashi. Raba kuɗin ruwan shekara da jimlar bashi: 1.1 a raba da 5.5 ya ba da kashi 20, wanda ya yi daidai da yanayin kasuwa. Amma in ka samu kashi 45 ko 50, to bashin da kamfanin ya ɗauka a tsakiyar shekara ya fi wanda aka nuna a ranar rufe littafi yawa. An biya shi ne dab da ƙarshen shekara don hoto ya yi kyau, a sake karɓowa a watan gaba. Rahoton wata uku-uku zai tona wannan. In kuma ka samu kashi 8 ko 9, ka duba bayani: ko rance ne mai rangwame irin na Bankin Masana'antu, wanda abu ne mai kyau amma yana da ranar ƙarewa, ko kuwa bashin dala ne.

Mataki na 4: Bashin dala da ranar biya

Nan ne kamfanoni da yawa suka ji jiki. A watan Yunin 2023 CBN ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai kusan 900 a ƙarshen shekarar, ta kuma haura 1,500 a 2024. Kamfanin da ake bin sa dala miliyan 1 ya kwana da bashin naira miliyan 460, ya wayi gari da na sama da biliyan 1.5, bai ƙara karɓar ko kwabo ba. Nestlé Nigeria ya rufe 2023 da asarar kusan naira biliyan 79, MTN Nigeria da ta biliyan 137, Nigerian Breweries da ta biliyan 106, ga shi kuwa duk suna ciniki sosai. Masu hannun jarin da suka saba jiran alat kowace shekara suka ji shiru. Cadbury Nigeria sai da ya mayar da wani ɓangare na bashin dalar da uwar kamfaninsa ke bin sa zuwa sababbin hannayen jari. In manya masu iyaye a ƙasashen waje sun sha haka, ƙaramin kamfani da ba shi da mai tsaya masa fa?

Ka nemi bayanin da ke magana a kan haɗarin canjin kuɗi. Akwai jadawali a wurin da ke jera abin da kamfanin yake da shi da abin da ake bin sa a dala, yuro da fam. Cire na farko daga na biyu. Abin da ya saura ka ninka shi da kashi 30 cikin 100, ka ga nawa ribar shekara za ta ragu in naira ta sake faɗuwa haka. Kada ka tsaya a rancen banki kaɗai: kuɗin ɗanyen kaya da aka shigo da su ba a biya ba, su ma dala ne. Kamfanin da ke fitar da kaya waje, kamar riɗi ko koko ko fata, yana da garkuwa domin shi ma dala yake karɓa. Ga mai saye a kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan daga Nijar, bashin yuro ba shi da wannan haɗarin tun da an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, amma na dala yana da shi.

Daga nan ka duba jadawalin ranakun biya. A misalinmu biliyan 4 cikin 5.5 za su cika cikin shekara guda, ga miliyan 500 kacal a hannu. Dole ne a sabunta rancen, kuma da farashin ranar za a sabunta. Ma'aunin kuɗin ruwa na CBN yana kashi 18.75 a farkon 2024, ya kai 27.5 a watan Nuwamba na shekarar. Duk mai rancen gajeren lokaci ya ga ruwansa ya tashi tare da shi.

Mataki na 5: Daga wace riba aka raba?

Raba jimlar rabon riba da riba bayan haraji. Kamfaninmu ya ci biliyan 1.5, ya raba biliyan 1.2, kashi 80 ke nan. Ga kamfani marar bashi, kashi 80 ba laifi. Ga mai bashin biliyan 5.5, ya yi yawa. Kashi 40 zuwa 60 ya fi dacewa da shi.

Kafin ka yarda da ribar, ka tace ta. A layin "sauran kuɗin shiga" ake zuba ribar sayar da fili, da ribar canjin kuɗi, da ƙarin darajar gini da aka rubuta a takarda. Waɗannan ba sa maimaituwa. Cire su ka sake lissafi. Kamfanin da ya sayar da tsohuwar ma'ajiyarsa ya raba kuɗin zai nuna rabon da ya kai kashi 20 na farashinsa a bana, baɗi kuma babu ma'ajiyar da za a sayar.

Ka kuma duba ribar da aka tara tun shekarun baya, a ɓangaren dukiyar masu kamfani. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ba ta yarda a raba komai ba sai daga ribar da ta halatta a raba. In wannan lambar ta koma ƙasa da sifili saboda tarin asara, sai an cike ramin kafin a koma rabo, ko da kamfanin ya dawo cin riba. Kuma kada ka sa ran babban taron shekara zai gyara: masu hannun jari suna da ikon rage abin da daraktoci suka gabatar, ba su da ikon ƙarawa.

Mataki na 6: Bi sawun tsabar kuɗi

Riba a takarda daban, kuɗi a asusu daban. Ɗan kasuwar da ya bayar da kayan miliyan goma bashi a Kantin Kwari ya ci riba a littafi, amma ba zai yi cefane da littafin ba. Kamfani ma haka.

Buɗe takardar shige da ficen kuɗi. Ɗauki kuɗin da aikin yau da kullum ya samar bayan haraji. Cire abin da aka kashe a sayen injina da gyaran gini. Cire kuɗin ruwan da aka biya. Yawancin kamfanonin Najeriya suna ajiye shi a sashe na uku na takardar, tare da rance, shi ya sa ake mantawa da shi. In an riga an cire shi a sashe na farko, kada ka cire sau biyu. Cire kuɗin haya ma in yana can.

A misalinmu aiki ya samar da biliyan 2, domin kusan biliyan 1 ya maƙale a kayan da ke sito da bashin kwastomomi. An kashe miliyan 700 a injina, biliyan 1.1 a ruwa. Saura miliyan 200. Amma an raba biliyan 1.2. Ina aka samo biliyan ɗayan? Ka duba ƙasa kaɗan za ka ga sabon rance. An ci bashi an yi rabo, kuma baɗi ruwan wannan bashin zai rage ribar da za a raba.

Shekara ɗaya ba hujja ba ce, musamman ga kamfanin da ke sayen masara ko alkama da kaka ya tara. Shi ya sa ake haɗa shekara biyar: jimlar kuɗin da suka saura a gefe ɗaya, jimlar rabo a ɗaya gefen. In rabo ya fi, kuma bashi yana hawa kowace shekara, rabon ba zai ɗore ba.

Mataki na 7: Gwada shi da mummunar shekara

Rage ribar aiki da kashi 20, ta koma biliyan 2.56. Ɗaga ruwa daga kashi 20 zuwa 28, ya zama biliyan 1.54. Saura biliyan 1.02. Cire haraji kamar kashi 30, ya rage wajen miliyan 710, wato kwabo 71 ga kowane hannu. Ko duka aka raba bai kai naira 1.20 ba. In kuma biliyan 1.5 ɗin nan na dogon lokaci dala miliyan 1 ne, dala ta tashi daga 1,500 zuwa 2,000, an ƙara asarar miliyan 500. Wannan kamfanin ya faɗi gwaji, duk da cewa a Mataki na 3 bai yi muni ba. Kamfanin da ya cancanci a riƙe shi don rabon riba shi ne wanda ribarsa ta mummunar shekara har yanzu ta rufe rabon da ya saba.

Mataki na 8: Sai yanzu a dubi kason

Naira 1.20 a kan naira 10 kashi 12 ne, amma ana cire harajin kashi 10 tun kafin kuɗin su iso asusunka, don haka naira 1.08 za ka karɓa, kashi 10.8. Kwatanta shi da abin da sukuk, wato takardar zuba jari marar ruwa, na gwamnatin tarayya yake bayarwa a lokacin, da kuma hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Ka kuma tambayi kanka me ya sa kason ya yi yawa. Sau da yawa ba rabon ne ya ƙaru ba, farashi ne ya faɗi, saboda waɗanda suka riga ka karanta rahoton sun sayar.

Mai kiyaye ƙa'idar shari'ar Musulunci aikin nan ya riga ya yi masa rabin tantancewa. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya ce bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shigar da ba na halal ba kuma kada ya wuce kashi 5. Kamfanin misalinmu yana da biliyan 5.5 a kan biliyan 10, kashi 55, ya fita. Jerin NGX Lotus Islamic Index wuri ne mai kyau na farawa, sai dai ƙananan kamfanoni kaɗan ne a cikinsa, sauran da kanka za ka auna.

Abu na ƙarshe kafin ka ba dillali umarni: duba yawan hannayen da ake cinikinsu a rana cikin wata guda. Wasu ƙananan kamfanoni sukan yi kwanaki ba a sayi ko ɗaya ba, kuma farashi ba ya motsawa fiye da kashi 10 a rana, don haka ranar da mummunan labari ya fito kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Kada ka sayi abin da ya wuce cinikin kwana biyu ko uku. Sayen ana gobe ranar tantance masu cin rabo ma ba wayo ba ne, domin kasuwa tana zare adadin rabon daga farashi da zarar ranar ta wuce. In ka saya, ka cike fom ɗin karɓar rabo ta banki a wurin rijistara ko bankinka, sunan da ke asusunka na CSCS, inda ake ajiye hannun jari, ya yi daidai da na BVN, sannan duk wata uku ka sake lissafin Mataki na 2 da na uku cikin lissafin Mataki na 3 da sabon rahoto.